Unguwa Mai Inuwa da Haƙƙin Maƙwabtaka



An umurce ni da in yi tsokaci a kan mazauni, wato irin unguwar da ta dace magidanci ya ajiye iyalinsa a cikin birni. Na lura duk ɗan Daura da Allah ya buɗa wa, abin da yake fara sa wa a gaba shi ne ya tsere wa cunkoso, ya koma unguwa mai itatuwa da shiru, inda yaro zai hau kekensa ba tare da uwarsa tana leƙe ba. Na Kano ya nufi Nasarawa ko Bompai, na Kaduna ya nufi Unguwar Rimi ko Malali, na Abuja kuwa Gwarimpa, in aljihu ya yi nauyi sai Maitama. Dillalai sun san lagonmu, da sun ga an tsaya wasiwasi sai su ce, "Alhaji, ai wurin nan kamar kana ƙauye." To, wannan magana ta dillali nake so mu ɗora a ma'auni.

Mu fara da asalin irin waɗannan unguwanni. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, sai suka kafa mazauninsu a Nasarawa, bayan ganuwa. A zamanin Gwamna Lugga, musamman bayan dokar birane ta 1917, tsarin shi ne a bar fili mai faɗin yadi 440, ba gini a cikinsa, tsakanin unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa. Hujjarsu ita ce gudun sauro da zazzaɓi. Kowane gida aka ba shi makeken fili, aka jera itatuwa a bakin titi. Da aka sami mulkin kai a 1960, manyan ma'aikatanmu suka gāji gidajen, suka kuma gāji tsarin, ga shi har yau da sunan Ji'ar'e muke kiran wuraren. Ashe ke nan tun ran gini, an zana unguwar ne domin a nesanta mutum da mutum. Mu kuma da muka zo sai muka ƙara mata doguwar katanga, da waya mai ƙaya, da ƙofar ƙarfe, da maigadi.

Ba na zargin kowa a kan katanga. Wanda ya ga yadda satar mutane ta addabi jiharmu a shekarun nan ba zai ce da magidanci ya kwana ƙofa a buɗe ba. Kuma gaskiya ne akwai alheri a can: ga iska, ga magudanan ruwa, ga sanyin inuwa a watan Afrilu, lokacin da kwano ke gasa mutanen cikin gari. Abin da nake musu a kai shi ne a kira wannan zama da sunan zaman ƙauye.

Wanda ya tashi a Zango ko Baure ko Sandamu ko Mai'aduwa ya san inuwarmu tana da mai ita, amma ba ta da ƙyaure. Durumi ko ceɗiya a ƙofar gida take, ba a bayan katanga ba. Nan dattawa ke shimfiɗa tabarma bayan la'asar, nan ake ciyayya, kowa ya fito da akushinsa, har wanda ba a ɗora tukunya a gidansa ba ya ci ya ƙoshi, ba wanda ya gane. Nan ake raba gardamar iyakar gona tun ba ta kai gaban mai gari ba. Zaure kuma shi ne masaukin baƙo, shi ne makarantar allo. Ɗa na kowa ne. Shekarun da na yi ina riƙe da makarantar firamare, sau da yawa kafin labarin yaron da ya yi fashi ya iso ofishina, wata tsohuwa ta riga ta kamo kunnensa daga bakin kasuwa ta kawo shi aji, alhali ba jikanta ba ne. Wannan tsohuwa ita ce abin da dillali ba shi da shi a cikin hajarsa.

Ku duba halin da 'ya'yanmu suke ciki a waɗannan unguwanni. Daga gida sai mota, daga mota sai makaranta, a dawo a kulle ƙofa. Yaro ya haddace sunayen 'yan ƙwallon Ingila, amma ka tambaye shi sunan mai gidan da ke jikin nasu, sai ya yi zuru. Gaisuwa ta gagara, durƙusawa kuwa ba a magana. Akan yi rasuwa a layi, maƙwabci bai sani ba sai ya ga rumfa. Malamai sun karantar da mu cewa maƙwabtaka tana kai wa gida arba'in ta kowace fuska. Wasunmu ko huɗu ba su riƙe ba.

Gyaran bai kai tsadar tayil ɗin falo ba. Mai gini ya fitar da zaure ko ɗan dakali a wajen ƙofa. In za ka dasa itace biyar, biyu su kasance a bakin titi, inda mai wucewa zai sha inuwa. Masallacin unguwa a riƙa tsayawa bayan salla ana gaisawa. Ƙungiyar mazauna layi kada aikinta ya tsaya ga kuɗin maigadi da gyaran taransifoma. A san mara lafiya, a san wadda ta haihu. Da azumi a aika yara da kwanon buɗa-baki gida-gida, da ƙafarsu, domin su san ƙofofin. In an yi hutu kuma a turo su gida su ga Sallar Gani, su sha ruwan Kusugu, su kwana a ɗakin kaka ba a otal ba.

Sai dai wane gida za su tarar? A nan ne maganar ta dawo kanmu. Daura tana faɗaɗa. Tun daga 2019 ga Kwalejin Fasaha ta Tarayya, ga Jami'ar Sufuri, ga kuma hanyar jirgin ƙasa ta Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinta a 2021, wadda aka tsara za ta ratsa ta nan. Gonakin bakin gari suna komawa fulotai, kuma mafi yawan masu saye mu ne, mazauna birane. Abu na farko da mukan yi shi ne mu sa a sare gawo da tsamiyar da muka tarar, mu zagaye filin da bulo, mu mulke tsakar gida da siminti. Mun biya miliyoyi a Abuja domin inuwa, mun zo gida mun biya mai gatari ya kawar da ita.

Gawon nan da muke rainawa, da damina yake kaɗe ganyensa, ya bar wa gero rana da taki, da rani kuma ya yi kore ya ciyar da dabbobi. 'Yan'uwanmu na tsallaken iyaka, wajen Matamaye da Magarya, tun daga shekarun 1980 suka koma rainon tohon da ke fitowa a gonakinsu, yau duk wanda ya bi hanyar Damagaram ya ga bambanci da idonsa. Ƙasarmu ɗaya da su, ruwan samanmu ɗaya.

Saboda haka ina roƙon shugabanni su kai wa masarauta da ƙananan hukumominmu biyar wannan shawara: duk sabuwar unguwar da za a yanka, a ware mata filin masallaci da makaranta da dandalin yara tun kafin a sayar da fuloti na farko, kuma kada a sare babban itace sai da dalili. Mu kuma kowane ɗan ƙungiya mai fili a gida ya dasa darbejiya ko mangwaro a ƙofarsa cikin watan Yuli, ya kewaye shi saboda awaki, ya ɗauki nauyin mai ban ruwa har rani biyu. A taron baɗi sakatare ya karanto mana sunayen waɗanda dashensu ya rayu.