Bobo Newsom: Ɗan Wasan Da Kullum Jakarsa Ke Ɗaure

Yau mun ajiye ƙwallon ƙafa, besbol za mu leƙa, wasan nan na Amurkawa da wani ke jefo ƙwallo, wani kuma ya yi ƙoƙarin maka mata sanda. A kan wani mai jefa ƙwallo za mu yi hira, Bobo Newsom, wanda aka haifa a 1907.

Daga 1929 zuwa 1953, ƙungiyoyi 9 ya buga wa. Ƙungiyar Washington Senators kaɗai sau biyar tana ɗaukarsa tana sallamarsa. Lakabin Bobo ma daga bakinsa ya samo asali, don kowa ya gani Bobo yake ce masa. To wanda kullum sabbin abokan wasa yake gani, sunan wa zai riƙe?

A lissafi, ya ci wasa 211, an cinye shi 222. Wani zai ce ai ba gwani ba ne. Ni dai ban yarda ba. Yawancin shekarunsa a ƙungiyoyin da ke can ƙasan teburi ya yi su, kuma ba a ta sayen mutum shekara ashirin don Allah.

Ku ji abin da ya faru a 1940. Yana Detroit Tigers, ya ci wasa 21, suka kai wasannin ƙarshe na cin kofi da Cincinnati Reds. Mahaifinsa ya yi tattaki ya zo kallo. Bobo ya ci wasan farko a gaban idonsa. Washegari da safe zuciyar tsohon ta buga, ya rasu a Cincinnati. Bayan 'yan kwanaki Bobo ya koma fili a wasa na biyar, ya ce na mahaifinsa ne, bai bari an ci su ko ɗaya ba: 8 da nema.

Hutun kwana ɗaya tak ya samu, aka sake miƙa masa ƙwallo a wasa na bakwai, wanda zai raba gardama. Ya jefa tun daga farko har ƙarshe, aka cinye su 2 da 1. Wallahi duk sanda na zo nan sai jikina ya yi sanyi.

Shekarar da ta biyo baya aka cinye shi sau 20, sai Detroit ta sayar da shi. Ga wa? Washington mana.