Ɓeran Ɗakin Gwaji da Ƙwayar Bakin Iyaka



Watakila wasunku suna mamakin abin da ya haɗa ɓera da garinmu Illela. To, ku ba mu aron hankalinku.

A shekarar 1957, a kamfanin Roche da ke Amurka, aka ba ɓeraye wani sinadari da Leo Sternbach ya haɗa, sai aka ga jikinsu ya saki, sun natsu. Daga nan aka sami Librium a 1960, sannan Valium, wato diyazefam, a 1963.

Yaya ake gane maganin fargaba ya kama ɓera, alhali ba ya magana? Akan ƙera dandamali mai rassa huɗu, a ɗaga shi sama kamar kamu guda. Rassa biyu suna da bango, biyu kuwa a buɗe suke. Ɓera dai ba ya son sarari, saboda haka yakan maƙale a lungu. Amma idan an ba shi diyazefam, sai a ga ya yawaita fita fili cikin minti 5 da ake zuba masa ido. Richard Lister ne ya tabbatar da wannan gwaji a kan ƙananan ɓeraye a 1987, kuma masana magunguna a jami'o'in Zariya da Sakkwato sun yi amfani da shi wajen auna itatuwan gargajiya.

Abin lura shi ne, ɓeran nan ba jarumi ya zama ba. Tsoron da ke tsare shi ne aka dusashe. Kuma kafin a ba shi ƙwaya sai an auna nauyinsa, an kwatanta shi da wanda ba a ba komai ba. Wa ke auna ƙanenmu da ke sayen ta a ɓoye tsakanin Illela da Birnin Ƙonni, ya haɗiye, ya hau babur? Minti 5 ba ya nuna sabo, alhali wanda ya daɗe yana sha, in ya daina kwatsam, yana iya faɗuwa da jijjiga.

In ɓera da sata, daddawa ma da wari: mai saye da mai sayarwa duk da laifinsu. Hukumar NDLEA, wadda aka kafa a 1989, ba za ta iya ita kaɗai ba. Mu da muka yi karatu, wajibinmu ne mu koma gida mu faɗakar cewa wannan magani na likita ne, ba na tebur ba.

Allah Ya sa mu dace. Wassalam.