Malam, Ɗalibanka Sun San Koriya

 Yau da malamai nake.

Malam, in ka ji ɗalibanka a Garki suna hirar fim ɗin Koriya mai suna Jumong, kada ka yi saurin tsawatarwa. Tambaye su. Za su gaya maka yaron Koriya da hannu biyu yake miƙa wa babba abu, yana rusunawa. Hannu biyu, malam, kamar yadda aka hore mu a zaure.

Kai kuma ka ƙara musu da wannan. A Koriya ta Kudu, 15 ga Mayu ce ranar malamai. Ranar haihuwar Sarki Sejong ke nan, wanda ya ƙirƙiro musu haruffa don talaka ma ya iya karatu.