Ilimin Tsara Bayanai: Guzurin Ɗalibinmu Mai Tafiya Ƙasar Waje

 



A wannan yanki namu na Shema da Dutsin-Ma da Kurfi, idan aka ce yaro zai tafi karatu ƙasar waje, abin da ke zuwa zukatan iyaye shi ne likitanci ko injiniyanci. Ina so in ja hankalinmu zuwa ga wani fanni da ake kira tsara bayanai, wato ilimin shirya rubutu da alƙaluma da zane yadda mai dubawa zai fahimci saƙo nan take, ba tare da ya ruɗe ba. Takardar da ke cikin kwalin magani, da katin rigakafin yara, da alamar gefen hanya, duk aikin masu wannan ilimi ne. Manomin rani a bakin madatsar ruwa ta Zobe, wanda ya sayi maganin feshi amma ya kasa gane awon da aka rubuta da Turanci, yana iya asarar amfaninsa, har ma da lafiyarsa.

Fannin yana da tarihi. A shekarar 1854, likita John Snow ya zana taswirar gidajen da kwalara ta yi kisa a wata unguwa ta Landan, taswirar ta nuna mace-macen sun taru kewaye da famfo guda. A shekarun 1920, Otto Neurath ya ƙirƙiro hanyar bayyana ƙididdiga da hotuna a birnin Biyana. Matarsa Marie Neurath ta kawo hanyar Jihar Yamma ta Nijeriya a shekarun 1950, inda ta shirya wa gwamnati ƙananan littattafai kan ilimi da lafiya da zaɓe. Tun 1971 ayyukansu suna ajiye a Jami'ar Reading ta Ingila, ɗaya daga cikin wuraren da suka shahara da koyar da wannan fanni.

Mu ma ba baƙi ba ne a nan. Dattawa za su tuna zaɓen 1959, lokacin da fartanya ke nufin NPC, tauraro kuma NEPU. A 1979, sa'ad da ɗan wannan yanki, Alhaji Amadu Kurfi, yake sakataren hukumar zaɓe ta ƙasa, gida da masara na NPN ne, mabuɗi kuwa na PRP. Da waɗannan alamomi wanda bai yi boko ba ya jefa ƙuri'arsa. Sai kuma 2007, da Babban Banki ya cire ajami daga takardun naira 5 zuwa 50, tsofaffi da almajirai da yawa suka rasa rubutun da suke iya karantawa. Wannan ya nuna mana cewa mai tsara bayani yana iya buɗe wa jama'a ƙofa, yana kuma iya rufe ta.

To, ya ku 'ya'yana masu niyyar tafiya, shiri tun daga gida ake fara shi. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tana da sashen zanen masana'antu da ke koyar da zanen ɗab'i, ga kuma Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da aka kafa a 2011, inda za a iya samun tushe a ilimin kwamfuta. Jami'o'in waje kan nemi samfurin ayyukan da ɗalibi ya yi da hannunsa, da shaidar ƙwarewa a harshen koyarwa, da tabbacin kuɗin makaranta da na zama. Ku sani kuma, baƙon ɗalibi ya fi ɗan ƙasa biyan kuɗi a Ingila nesa ba kusa ba.

Idan kun isa can, za a koya muku aiki domin mai karatu na can. Ku riƙa tuna mai karatu na nan. In an ba ku zaɓin aikin kammalawa, ku ɗauko matsalar gida: awon taki, ko jadawalin awon ciki, ko taswirar burtali. Ku nemi haruffan da ke da ɓ da ɗ da ƙ, ku tanadi gurbin ajami, sannan ku gwada aikin a kasuwar Dutsin-Ma kafin ku ce ya kammala. Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Ga ƙungiyarmu kuwa, shawarata ita ce a sa wannan fanni cikin waɗanda ake tallafa wa, bisa sharaɗin duk wanda ya amfana ya shirya wa asibitinmu ko makarantunmu wani aiki da Hausa idan ya dawo.

Allah Ya yi wa 'ya'yanmu albarka, Ya kai su lafiya, Ya dawo mana da su da ilimi mai amfani, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya.