Me Ke Sa Mutum Ya Yi Alfahari Da Ƙasarsa?



An nemi in yi muku bayani a kan wani shehun malamin kimiyyar siyasa, mutumin Amurka, mai suna Sidney Verba, wanda aka haifa a birnin New York cikin 1932, ya rasu cikin 2019. Dalilin da ya sa na ga ya dace mu san shi kuwa shi ne, ya ƙare rayuwarsa yana yin abin da masu mulki suka fi ƙyuyar yi, watau tambayar talaka abin da ke cikin zuciyarsa game da ƙasarsa. Hausawa dai sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Bayan da ya sami digirin dakta a Jami'ar Princeton cikin 1959, sai suka haɗa kai da malaminsa Gabriel Almond, suka sa aka yi hira da mutane wajen dubu ɗaya a kowace ɗaya daga cikin ƙasashe biyar, watau Amurka da Birtaniya da Jamus ta Yamma da Italiya da Meksiko. Abin da suka gano shi suka buga cikin 1963 a littafinsu mai suna The Civic Culture.

Daga cikin tambayoyin akwai wadda nake so ku riƙe. An tambayi kowane mutum abin da ya fi alfahari da shi game da ƙasarsa. A Amurka, kashi 85 daga cikin 100 suka ambaci tsarin mulkinsu da hukumominsu na siyasa. A Birtaniya kashi 46 ne, a Meksiko kashi 30. Amma a Jamus ta Yamma kashi 7 kurum aka samu, a Italiya kuwa kashi 3. Wannan ba ya nufin Jamusawa da Italiyawa ba sa son ƙasashensu. Bajamushe ya fi ambaton ƙwazon mutanensu da ƙarfin tattalin arzikinsu, mutumin Italiya kuma kyan ƙasarsu da fasahar magabatansu. Mulkin kama-karya da shan kaye a yaƙin duniya na biyu sun riga sun raba zuciyarsu da gwamnati. To, ashe ke nan son ƙasa daban, amincewa da yadda ake mulkinta daban.

Har ila yau sun kasa jama'a kashi uku. Akwai wanda bai san komai ba bayan ƙauyensa da danginsa. Akwai wanda ya san da gwamnati, yana biyan haraji, yana bin doka, amma bai taɓa zaton yana da ta cewa ba. Na uku shi ne wanda ya yi imani cewa in an kawo dokar zalunci zai iya yin wani abu a kai. A ganinsu, dimokuraɗiyya takan zauna daram ne inda waɗannan halaye uku suka gauraya daidai wa daida. Cikin 1965 kuma Verba ya ƙara bayyana cewa tushen duk wannan shi ne mutane su fara yarda cewa su 'yan ƙasa ɗaya ne, domin in babu wannan, kowace ƙaramar gardama sai ta zama barazana ga ƙasar kanta.

Littafin bai tsira daga suka ba. Waɗansu malamai sun ce an mai da Amurka da Birtaniya ma'auni, ana gwada sauran duniya da su. Zamani ma ya yi nasa gyaran, domin da aka sake duba al'amarin a wani littafi cikin 1980, sai aka tarar amincewar Jamusawa da tsarinsu ta ƙaru ƙwarai, ta Amurkawa kuwa ta ragu bayan yaƙin Biyetnam da abin kunyar nan na Watergate. Darasin a fili yake, cewa amincewar jama'a ba gado ba ce, aikin masu mulki ke kawo ta, shi kuma ke kore ta.

Mu ma nan binciken ya shafe mu. Tsakanin 1966 da 1971 Verba da abokan aikinsa sun gudanar da irin wannan hira a ƙasashe bakwai, har da Nijeriya da Indiya da Japan da Yugoslabiya, suka buga sakamakon cikin 1978 tare da Norman Nie da Jae-on Kim. Sun gano cewa in aka bar kowa da ƙarfin kansa, masu ilmi da masu dukiya su ke cika fagen siyasa. Amma inda jam'iyyu da ƙungiyoyi suka haɗa kan marasa ƙarfi, sai ratar da ke tsakani ta ragu. Hannu ɗaya dai ba ya ɗaukar jinka.

Cikin 1995 ya sake fitar da wani babban littafi, Voice and Equality, tare da Kay Schlozman da Henry Brady, bayan an tuntuɓi Amurkawa wajen 15,000. A nan suka kawo dalilai uku da ke hana mutum shiga harkokin siyasa: ko ba shi da hali, watau lokaci da kuɗi da gwaninta, ko ba shi da sha'awa, ko kuwa ba wanda ya gayyace shi. Sun kuma lura cewa talaka yakan koyi shirya taro da magana gaban jama'a a wurin ibadarsa, ko da bai yi zurfi a makaranta ba.

Jama'a, wannan dalili na uku shi ne ya fi ci mini rai. Manomi nawa ne, mace nawa ce a cikin gida, da ba a taɓa neman ra'ayinsu ba sai ranar jefa ƙuri'a? Verba ya riƙe cewa amfanin binciken ra'ayin jama'a shi ne yana ba attajiri da matalauci murya daidai, domin mai bincike shi ke zuwa har ƙofar gida. Idan muna son ɗan Nijeriya ya yi alfahari da tsarin mulkinsa kamar yadda yake alfahari da garinsu, to, wajibi ne mu je mu tambaye shi, mu kuma yi aiki da amsar da ya bayar.

 Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.