Madara da Gubar Dalma: Jawabi a Taron Shekara

Shugaban ƙungiya, iyayenmu malamai, 'yan'uwana tsofaffin ɗalibai.

Da aka ce in yi magana a kan kimiyya sai gabana ya faɗi, domin malamin da ya sha ba ni jan biro yana nan zaune a layin gaba. Allah ya ƙara maka lafiya, Malam, a yi mini afuwa in na yi tuntuɓe.

A wurin aiki nakan ji ana cewa wanda guba ta shiga cikinsa a ba shi madara, ta wanke. A kan wannan zan tsaya.

Kusan kashi 80 cikin 100 na furotin ɗin madarar shanu, wanda ake kira kesin ne. A jikinsa akwai wasu 'yan ƙugiyoyi na fosfet masu caji mara kyau. Shi kuwa kalsiyam ƙarfe ne, ƙwayarsa na ɗauke da caji mai kyau guda biyu, don haka sai su riƙe juna kamar mayen ƙarfe da allura. Da haka dubban ƙwayoyin kesin ke dunƙulewa su yi 'yan curi da ido ba ya gani, su ne ma ke sa madara fari. Lita guda tana ɗauke da kalsiyam sama da giram 1, kuma wajen kashi biyu cikin uku yana cikin curin nan.

To, amma riƙon ba na har abada ba ne. Idan madara ta kwana ta yi tsami, tsamin yakan kwance ƙugiyoyin, kalsiyam ya zube cikin ruwa, kesin ya daskare. Kindirmo ke nan, wanda 'yar Fulani ta iya tun kafin a gina ɗakin gwaji.

Ita ma dalma cajinta biyu ne, tana iya kama gurbin kalsiyam. Nan ne maganar mutane ta sami gindi. Sai dai tsamin cikin mutum ya fi na ƙwarya nesa ba kusa ba, abin da kesin ya kama can zai sake shi. Dalmar da ta riga ta shiga jini kuwa, madara ba ta isa wurinta.

A 2010 gubar dalma daga haƙar zinariya ta kashe yara kimanin 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a Zamfara. Waɗanda suka tsira, kwashe gurɓatacciyar ƙasa aka yi, aka kuma ba su maganin da ke damƙe dalma ya fitar da ita ta fitsari. A ba yaro madara, tana gina shi, yaron da ya ƙoshi da kalsiyam ma hanjinsa bai cika zuƙar dalma ba. Amma in ana zargin guba, a kai shi asibiti.

Malam, maki nawa na ci?