Jawabi a Kan Ruwan Ƙazantar Masana'antu da Haƙƙin Makiyaya

Sarakunanmu, iyayenmu arɗo-arɗo, dillalai, fatake, mahauta da sauran 'yan'uwa da suka hallara a nan Zangon Kumasi, muna yi muku barka da zuwa, Allah ya saka da alheri.

Jama'a, yau maganar ruwa ce ta tara mu. Kowa a nan ya sani saniya takan jure yunwa kwana da kwanaki, amma ba ta jure ƙishirwa. To, mu dubi rafukan garin nan. Rafin Aboabo yana bi ta unguwanninmu, rafin Subin yana bi ta tsakiyar gari, dukansu suna haɗuwa da Sisa, shi kuma ya gangara kudu ya faɗa kogin Oda. Oda ya shiga Offin, Offin ya shiga Pra har teku. A kan wannan hanya ce Kaase da Ahinsan suke, wato wurin da babbar kwatar Kumasi take, da kamfanonin giya da na lemon kwalba. Duk abin da aka zubar a nan, mutanen ƙauyukan ƙasa da masu lambu da garkunanmu ne za su tarar da shi.

Wani zai ce, ai jini da dusar giya ba guba ba ne, abinci ne. Gaskiya ne, amma ga yadda abin yake. Idan jini da tumbi da kitse da ruwan tsimi suka shiga rafi, sai su fara ruɓewa. Ƙananan ƙwayoyin da ke ruɓar da su suna shanye iskar da ke cikin ruwan, wadda kifi ke numfashi da ita. Sai kifi ya mutu, ruwa ya yi baƙi, ya yi ɗoyi. Ga kuma soda mai ƙarfi da ake wanke kwalabe da tukwane da ita. Wanda bai bi rafi ba yakan tsaya a kududdufi, ya riƙa tsuma cikin ƙasa a hankali har ya kai rijiyoyi marasa zurfi. Rafi kam damina takan ɗauraye shi, amma rijiya in ta ɓaci, sai a yi shekaru ba ta gyaru ba.

Asarar da ke kanmu a fili take. Sa ya sha doguwar tafiya a cikin tirela daga Burkina Faso ko Mali ko Nijar, ya sauka a gajiye, in ya sha irin wannan ruwa zai iya kamuwa da zawo, ya rame, kuɗinsa ya faɗi kafin a yi ciniki. Makiyayin da mashayarsa ta lalace kuwa, tilas ya kora garke neman wata, sau da yawa ta cikin gonakin mutane. Ba sai an tuna mana abin da rikicin makiyayi da manomi ya jawo a yankin Agogo ba. Kowace mashaya da aka kashe, an ƙara matso da ƙaho kusa da shuka ke nan.

Doka kuwa tana nan. A 1994 aka kafa hukumar kare muhalli ta ƙasa da doka mai lamba 490, aka ba ta ikon sa ido kan abin da masana'antu ke zubarwa. A 1996 doka mai lamba 522 ta kafa hukumar kula da albarkatun ruwa, ta ce ruwan ƙasar nan amana ne a hannun shugaban ƙasa a madadin jama'a, kuma gurɓata shi laifi ne. A 1999 aka fito da ƙa'idar neman takardar izinin muhalli kafin a kafa masana'anta. A 2025 kuma sabuwar doka mai lamba 1124 ta maye gurbin ta 1994. Ma'anar duk wannan ita ce, mai masana'anta ya tace ruwansa kafin ya sake shi. Saboda haka ba alfarma muke roƙo ba, cika doka muke nema.

Tacewar ma ba wani abin al'ajabi ba ce. A tare jini daban tun wurin yanka, kada a bi shi da ruwa zuwa lambatu. A sa raga ta tsare tarkace, a gina ramin da zai kama kitse, sannan ruwan ya kwanta a tafkunan tacewa kafin ya fita. Kashin shanu da tumbi taki ne, ana kuma samun iskar gas ta girki daga gare su. Jini in an dafa an busar, yana shiga abincin kaji. Ashe abin da ake zubarwa ma kuɗi ne.

Muryarmu tana da nauyi a wannan magana, domin da shanunmu kwata take rayuwa. Don haka ga abin da muke so mu yi. Na farko, duk wanda ya ga ruwa ya sauya launi ko kifi ya mutu, ya riƙe rana da wuri, ya kawo wa ƙungiya, mu kuma mu kai ofishin hukumar muhalli na jihar Ashanti a rubuce, mu karɓi shaidar an karɓa. Maganar baki iska ce, takarda ita ce ke zama. Na biyu, mu nemi a riƙa gwada ruwan rafukan nan da na rijiyoyin kusa da su, a faɗa wa jama'a sakamako. Na uku, mu nemi dokar ta hau kowa, babban kamfani da ƙaramin wurin yanka na bakin rafi, da masu tatsar manja da masu matse rogo. Na huɗu, mu je tare da masu lambu da sarakunan ƙauyukan bakin Oda, gama ruwa ɗaya muke sha. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Kafin a ga gyara, muna roƙon fatake su shayar da shanun da suka sauka da ruwan famfo ko na burtsatse, ko da za a biya. Kuɗin ruwa bai kai asarar sa guda ba.

Allah ya albarkaci dukiyarmu, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Wassalamu alaikum.